Tsaunukan da Suka Narke Ƙarƙashin Magarya da Dungas

Yaron da ya tashi a Magarya, ko Bande, ko Dogo-Dogo, zai iya gama firamare bai taɓa hawa dutse ba. Ƙasarsu ta rairayi ce da fadamu, ƙasar gero da gyaɗa da riɗi, da rake a bakin Korama. Sai ranar da aka ɗauke shi a mota zuwa Damagaram, zai fara ganin manyan duwatsu jibge a kan juna, wani ya hau wani kamar da hannu aka ɗora. In kudu aka yi da shi, ya tsallaka iyaka, zai tarar da tuddan Kazaure da duwatsun Dutse. A nan ne yakan yi tambayar da ke ɗaure wa iyaye da malamai kai: wa ya kawo su nan, kuma me ya sa babu su a garinmu?

Amsa ta gaskiya ita ce akwai su a garinsu, rairayi ne da laka suka binne su. Duwatsun Damagaram da na Kazaure jiki ɗaya ne da ke leƙowa a wasu wurare, ya nutse a wasu. Da yawa daga cikinsu kuma sun taɓa narkewa, a can ƙarƙashin wasu tsaunuka da yau ko alamarsu babu a sama. Labarin yadda suka narke, da abin da narkewar ta yi wa zafin cikin ƙasa, shi ne tarihi mafi tsufa da yankin nan yake da shi, kuma ina ganin ya cancanci wuri a ajinmu kusa da labarin Sosebaki da na Sarki Tanimun.

Mutanenmu sun daɗe da sanin amfanin duwatsun. Daga cikinsu ake sassaƙa dutsen niƙa. A tsakaninsu aka kafa Birnin Damagaram, Tanimun ya kewaye shi da ganuwa. A Liruwe, cikin ƙasar Kano, an daɗe ana wanke kuza ana narka ta tun Turawa ba su zo ba. Amma rubuta bayanin duwatsun a kimiyyance ya fara ne tare da mulkin mallaka, kuma da manufar mulkin mallaka, wato neman ma'adinai da shata iyaka. Tsakanin 1906 da 1909 tawagar Kyaftin Jean Tilho ta bi layin da ya raba mulkin Faransa da na Ingila daga Kwara zuwa tafkin Cadi, layin nan da ya ratsa kudancin Magarya da Dungas ya raba dangi biyu. Cikin tawagar akwai masanin duwatsu mai suna Garde, wanda ya rubuta bayanin duwatsun da suka ratsa. A ɗaya gefen kuma wani ɗan Sikotlan, J. D. Falconer, yana yi wa Ingila irin wannan aiki, ya fitar da littafinsa a kan ƙasar Arewacin Najeriya a 1911. Shi ne ya lura cewa duwatsun giranit na ƙasar Hausa iri biyu ne, ya kira ɗaya tsofaffi, ɗaya matasa. Sunayen nan har yau da su ake amfani. Dutsen Kufena na Zariya yana cikin tsofaffin. Duwatsun Jos da Liruwe masu kuza suna cikin matasan.

Falconer ya san wanne ya girmi wanne, don ya ga wanne ya tsaga wanne ya shiga. Bai da hanyar sanin shekarunsu. Wannan sai bayan yaƙin duniya na biyu, da aka iya auna yadda wasu sinadarai kamar yuraniyom da fotasiyom suke rikiɗewa a hankali cikin dutse, da saurin da ba ya canzawa. Akwai wani ɗan ƙanƙanin ƙwayar ma'adini mai suna zarkon, bai kai ƙwayar gero ba, wanda idan yana daskarewa yakan karɓi yuraniyom ya ƙi karɓar darma. Duk darmar da aka samu a cikinsa daga baya, to daga yuraniyom ɗin ta fito, kuma yawanta shi ke nuna tsawon zamanin da ya wuce. A 1964 Farfesa W. Q. Kennedy na jami'ar Leeds ya tattara irin waɗannan ƙididdiga daga sassan Afirka, ya ga abin mamaki: duwatsu daga Sahara har Muzambik suna nuna wani gagarumin zafi da motsi da ya same su kusan lokaci ɗaya, wajen shekara miliyan 500 da suka wuce. Ya raɗa wa abin suna Pan-Afirka. Awon da aka yi daga baya ya nuna cewa a yankinmu ƙarfin abin ya faru wajen shekara miliyan 600, a nan ne tsofaffin giranit na Falconer suka samu.

Abin da ya faru shi ne karo. Tsohon gungumen ƙasa da yau yake ɗauke da Gana, Burkina Faso, Mali da yammacin Nijar ya haɗu da wasu gungumen da ke gabas da shi, tekun da ke tsakaninsu ya rufe. Wurin haɗuwar ya tattare, ya naɗe, ya yi kauri, tsaunuka suka tashi daga Hoggar ta Aljeriya, suka bi ta Azbin da ƙasar Hausa har Togo da Binin, suka zarce zuwa arewa maso gabashin Barazil, wadda a lokacin manne take da Afirka. Akwai masanan da ke ganin jerin tsaunukan nan ya yi kama da Himalaya ta yau a tsawo da girma. Ko ya kai ko bai kai ba, abin da muke takawa yau a Damagaram da Munyo da kudancin Maraɗi saiwarsu ce. Ruwa da iska sun yi shekaru miliyoyi suna zaizaye saman, har dutsen da ya daskare a zurfin kilomita goma ko fiye ya fito fili rana tana dukansa.

To daga ina zafin da ya narka dutse ya fito? Duk mai haƙar ma'adinai ya san ƙasa tana ƙara zafi idan ana nutsawa. A yawancin wurare, kowace kilomita ɗaya tana ƙara digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas. A ramin zinariya na Mponeng a Afirka ta Kudu, mai zurfin kusan kilomita 4, dutsen ya haura digiri 60, sai an riƙa tura ƙanƙara ciki kafin mutane su iya aiki. Ramin da Rashawa suka haƙa a Kola ya kai mita 12,262 a 1989, suka tarar da zafi wajen digiri 180. Wani sashe na zafin nan daga can cikin duniya yake tasowa. Wani sashen kuma duwatsun ne da kansu suke samar da shi, don yuraniyom da toriyom da fotasiyom da ke cikinsu suna fitar da ɗumi kaɗan-kaɗan ba dare ba rana. Ɓawon ƙasa na nahiya kaurinsa yakan kai kilomita 35 zuwa 40. Idan karo ya ninka shi ya kai 60 ko 70, kamar yadda yake yau a ƙarƙashin Tibet, abu biyu ne ke faruwa. Masu samar da ɗumin sun ninku, bargon da ke hana ɗumin fita shi ma ya ƙara kauri. Cikin shekara miliyan ashirin ko talatin sai tsakiyar ɓawon ta ɗauki zafi sosai.

A nan ne tambaya mai daɗi take. Idan murhu yana ci kuma an rufe tukunya, me zai hana zafin ya yi ta hawa har komai ya narke, tsaunukan su zube? Masana sun auna dubban duwatsun da suka fito daga saiwar tsofaffin tsaunuka a duniya, ta hanyar duba ma'adinan da suka tsiro a cikinsu, don kowane ma'adini da iyakar zafin da yake tsirowa. Da yawa daga cikin waɗanda suka fi shan wuta sun tsaya ne tsakanin digiri 700 da 850. Waɗanda suka haura 900 akwai su, amma ba su da yawa, har suna na musamman aka ba su. Kamar akwai wani abu da ke riƙe zafin a wannan tsakani.

Wanda ya gano sirrin bai taɓa tunanin tsaunuka ba, dusar ƙanƙara yake kallo. Joseph Black, malamin kimiyyar sinadarai a Gilasgo, wajen 1761 ya tsaya yana tunanin dalilin da ya sa ƙanƙarar hunturu ba ta narkewa gaba ɗaya a ranar da iska ta yi ɗumi. Da tana yin haka, da kowace shekara ambaliya ta cinye ƙasarsu. Ya gwada, ya ga cewa ƙanƙara mai narkewa tana shan zafi mai yawa amma ma'auni ba ya motsi daga sifili sai ta gama narkewa. Zafin ya shiga, ya tafi wajen kwance ɗaurin da ke riƙe ƙwayoyin ƙanƙarar. Ya kira shi ɓoyayyen zafi. Yawansa ba kaɗan ba ne: zafin da zai narka kilo ɗaya na ƙanƙara zai iya ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga sifili zuwa digiri 80.

Wannan ba baƙon abu ba ne a gidajenmu. Mai sayar da ƙanƙara a watan azumi ya san muddin da sauran ƙulli a cikin kula, ruwan sanyi ƙalau ne, da zarar ƙullin ƙarshe ya tafi sai ya fara ɗumi. Uwargida ta san ƙara itace ba ya sa tafasasshen ruwa ya ƙara zafi, sai dai ya ƙone da wuri. Maƙeran da ke zuba tukwane da tarkacen alminiyam sun san akwai lokacin da za a yi ta zuga wuta, ƙarfen yana narkewa a hankali, ba ya gaggawa don an matsa masa. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, kuma abin sha'awa, kusan daidai nan ne giranit mai jiƙe da ruwa yake fara narkewa. Malamin da ke da kofi, da ƙanƙara, da ma'aunin zafi guda ɗaya zai iya nuna wa aji wannan cikin rabin awa: yara su riƙa motsa ruwan suna rubuta abin da ma'auni ya nuna duk minti biyu, su zana layin a allo. Layin zai kwanta shimfiɗe, sa'an nan ya tashi. Wannan shimfiɗaɗɗen layi shi ne abin da ya faru a ƙarƙashin ƙasarmu, illa dai can ya ɗauki shekaru miliyoyi.

Black yana da amini a Edinbara mai suna James Hutton. A zamaninsu ra'ayin da ya fi ƙarfi, wanda Abraham Werner yake koyarwa a Jamus, shi ne giranit ya kwanta ne daga ruwan wani tsohon teku, kamar yadda gishiri ko kanwa ke kwantawa. Hutton ya ce narkewa ya yi. A 1785 ya je wani kwari mai suna Glen Tilt, ya ga jijiyoyin jan giranit sun kutsa cikin wani dutsen daban sun rarrabu kamar saiwa, abin da ba zai yiwu ba sai in a narke ya shiga. Gardamar ba ta mutu nan da nan ba. Har tsakiyar ƙarni na ashirin akwai manyan masana, irin su H. H. Read na Landan, da ke ganin giranit da yawa rikiɗa ya yi yana daskare, ba tare da ya narke ba. Abin da ya kusan rufe bakin kowa shi ne gwajin da O. F. Tuttle da N. L. Bowen suka yi a Washintan, suka buga a 1958. Sun sa garin ma'adinan giranit cikin ƙananan tukwanen ƙarfe, suka matse, suka gasa. Busasshen giranit ba ya narkewa sai zafi ya kusa digiri 1000. Amma in akwai ruwa a matse tare da shi, sai ya fara narkewa wajen digiri 650. Kuma ruwan dutsen da ya fara fitowa, haɗinsa daidai yake da na giranit ɗin da ake gani a duwatsun duniya. Da wuya a ce wannan dace ne kawai.

Yanzu a haɗa Black da Bowen. Ɗaga zafin kilo ɗaya na dutse da digiri ɗaya yana cin kuzari wajen jul 1,000. Narka kilo ɗaya na dutse kuwa yana cin wajen jul 300,000 zuwa 400,000. Ke nan idan kashi ɗaya cikin huɗu na dutsen ya narke, ya shanye zafin da da zai ɗaga dukan dutsen da digiri 75 zuwa 100. Murhun da ke ƙasa bai mutu ba, yana nan yana ci, amma abin da yake bayarwa yana tafiya wajen narkarwa. Masanin nan Kurt Stüwe ya yi wannan lissafi dalla-dalla a 1995, kuma a 2018 shi da Simon Schorn da Johann Diener da Roger Powell suka sake nuna girman tasirin da sababbin hanyoyin lissafi.

Dutse dai ya bambanta da ƙanƙara ta wata fuska mai muhimmanci. Ƙanƙara abu ɗaya ce, tana narkewa a digiri ɗaya. Dutse gauraye ne na ma'adinai, don haka narkewarsa hawa-hawa take. Da farko ɗan ruwan da ke maƙale a tsakanin ƙwayoyi shi ke sa a fara, wajen 650 zuwa 700, amma ba shi da yawa, nan da nan narkakken dutsen ya shanye shi. Sai zafi ya ɗan hau. Daga nan sai a zo kan wasu ma'adinai masu walƙiya da ke ɓarewa falle-falle, waɗanda yara ke tsinta a rairayi suna cewa zinariya ce. Sunansu maika, kuma a cikin ginin jikinsu akwai ruwa a ɗaure. Farar maika tana rushewa wajen 700 zuwa 750, ta saki ruwanta, a samu wani zubin narkewa. Baƙar maika tana jurewa har wajen 800 zuwa 850, kuma da yake ita ce ta fi yawa, a nan ne narkewar ta fi ƙarfi, a nan ne kuma zafin ya fi daɗewa a tsaye. Wannan ya yi daidai da abin da aka auna a duwatsu. Matakala ce mai faɗin taki, kowane taki sai an biya kafin a wuce.

Ana iya ganin sawun wannan da ido. Akwai wani dutse mai zane-zane, fari da baƙi, a murɗe kamar an dama fura da nono ba a gama ba. Wani masani ɗan Finlan, J. J. Sederholm, ya sa masa suna migmatit a 1907, ma'ana gauraye. Farin shi ne abin da ya narke ya sake daskarewa, baƙin shi ne abin da ya ƙi narkewa. Irinsa yana da yawa a tsohon dutsen ƙasar Hausa, a Damagaram da Katsina da Kano da Bauci. Duk inda aka ga ana fasa dutse don tsakuwar gini ko ta hanya, yana da kyau malami ya tsaya ya roƙi gutsure biyu ko uku ya kai aji. Ba na jin akwai hoton littafi da zai kai wannan.

Idan narkakken ya taru ya kai wani adadi, ba ya zama. Ya fi dutsen da ke kewaye da shi sauƙin nauyi, don haka yakan tsiyaye ta tsage-tsage ya hau sama, ya taru a zurfin da ya fi sanyi, ya daskare ya zama giranit. Tafiyar nan tana canza lissafin zafi ta hanyoyi da dama. Ya ɗauki zafi daga ƙasa ya kai sama. Idan ya zo daskarewa, ɓoyayyen zafin nan da ya sha sai ya mayar, shi ya sa babban curin giranit yake daɗewa bai huce ba, ƙwayoyinsa su sami lokacin girma har a riƙa ganinsu da ido, wasu kamar ɗan yatsa. Sa'an nan yuraniyom da toriyom da fotasiyom sun fi son bin narkakken, sai su bar ƙasa su koma sama, inda ɗuminsu ke fita da sauƙi. A ƙarshe abin da aka bari a can ƙasa busasshe ne, an tatse shi, ba ya sake narkewa sai da wuta mai tsanani. In murhun bai mutu ba a wannan lokaci, babu sauran abin da zai riƙe zafin, sai ya haura 900. In kuwa ya mutu, sai ɓawon ya huce ya yi ƙarfi. Wannan tatsa tana cikin dalilan da suka sa ƙasar da muke zaune a kai take da kwanciyar hankali, ba mu san girgizar ƙasa irin ta Turkiyya ko Nepal ba.

Wanda yake son ganin abin yana faruwa yau, sai ya dubi Himalaya. Kololuwar tsauni irin Manaslu a Nepal farin giranit ne da ya narke daga ɓawon ƙasa wajen shekara miliyan 20 da suka wuce. A shekarun 1990 kuma masu bincike da suka aika girgiza cikin ƙasa suka saurari dawowarta a kudancin Tibet sun sami alamun wani abu mai ruwa-ruwa a zurfin kilomita 15 zuwa 20, wanda da yawa suka fassara da dutse mai narkewa. Haka ƙarƙashin Magarya yake a wancan zamani, lokacin da babu ko ciyawa a doron ƙasa.

Kada dai a ɗora wa tsaunukan nan kowane dutse da aka gani. Matasan giranit na Falconer labarinsu daban ne. Sun zo ne bayan tsaunukan sun daɗe da lafawa, babu karo babu naɗewa, zafi ne ya taso daga can ƙarƙashin ɓawon ya huda ta tsofaffin tsage-tsage, aman wuta ya tashi a sama, giranit ya daskare a ƙarƙashinsa cikin siffar zobe. Russell Black, wani Black ɗin daban, ya yi shekaru yana bin su a Najeriya da Azbin. A 1976 Peter Bowden da abokan aikinsa suka nuna cewa shekarunsu na raguwa daga arewa zuwa kudu: na Azbin sun haura miliyan 400, na Damagaram da Munyo wajen miliyan 300, na Dutse wajen 213, na Jos ƙasa da haka, har zuwa Afu kusa da Binuwai, wajen 141. Jeri ne mai tsawon fiye da kilomita 1,000, kuma Magarya da Dungas suna kan hanyarsa, tsakanin na Damagaram da na Dutse. Don haka a ƙasar Damagaram tsoho da matashi suna zaune kafaɗa da kafaɗa, tazarar shekarun da ke tsakaninsu ta kai wadda ke tsakanin matashin da mu.

Arzikin da ake faɗa a kai yau yana da alaƙa da wannan tatsa da tacewa. Kuzar Jos da Liruwe da ta Elmeki a Azbin daga matasan giranit take. Yuraniyom ɗin Arlit, da aka fara haƙa a 1971, a cikin dutsen yashi yake kwance, amma masana na danganta asalinsa da duwatsun Azbin da tokar aman wutarsu, ruwa ne ya wanko shi ya tara. Ɗalibin da ya ji ana gardamar yuraniyom a rediyo ya kamata ya san cewa sinadarin da aka yi shekaru ana sayarwa don ya ba da wuta a Faransa shi ne dai wanda ya taimaka wajen gasa saiwar tsaunukan ƙasarsa.

Rairayin ma da ya rufe komai yana cikin labarin. Idan giranit ya ruɓe, wasu ma'adinansa sukan zama yumɓu, amma farin ƙwayar nan mai tauri, kwaz, ba ta ruɓewa, ita ce yashi. Ruwa ya kwashe, ya zuba a kwarurruka, iska ta sake kwasa. A 1958 A. T. Grove ya bayyana cewa jigayin ƙasar Hausa tsofaffin tuddan hamada ne da suka tsaya, daga wani zamanin fari da Sahara ta gangaro kudu fiye da inda take yau. A kansu ake noman gero daga Dungas har Gumel.

Inda abin ya fi shafar rayuwar yau da kullum shi ne ruwa. Dutsen da ya daskare daga narkewa ƙwayoyinsa a cuɗe suke, sun kama juna ƙam, babu kafar da ruwa zai zauna, sai a inda ya tsage ko ya ruɓe. Yashi kuwa duk kafofi ne. Wannan ne ya sa a kwarin Korama ake tarar da ruwa kusa, har a yi rake da lambu da rani, alhali birnin Damagaram da ke zaune a kan dutse yake fama da ƙishirwa tun da daɗewa. Faransawa sun mai da shi babban birnin mulkinsu a 1911, suka ɗauke zuwa Yamai a 1926, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da ake ambata, ko da yake akwai na siyasa. Har yau ruwan da birnin ke sha daga nesa ake jawo shi, daga wurare irin su Gogo da Macaya da Arunguza, inda aka sami ƙasa mai riƙe ruwa.

Ko a cikin yankin rairayi ma kaurinsa ba ɗaya ba ne, don tsohon dutsen da ke ƙasa yana da tudu da kwari kamar kowace ƙasa. Ƙauyuka biyu na iya zama kusa da juna, ɗaya ya sami ruwa a gaba kaɗan, ɗaya injin haƙa ya ci karo da dutse ya tsaya. Kwamitin iyaye da ya tara kuɗi don rijiyar burtsatse a makaranta yana da haƙƙin ya tambayi ɗan kwangila ko an auna ƙasar kafin a kawo injin, wane zurfi ake sa ran tarar da dutse, kuma in an tarar, akwai alamar tsaga a wurin ko babu. Awon da ake yi da wayoyi da wutar batir, wanda ke bambanta jiƙaƙƙen yashi da ruɓaɓɓen dutse da lafiyayyen giranit, kuɗinsa bai kai na ramin da aka haƙa aka tarar da shi busasshe ba.